Zuwa Kwatano da Mataccen Allo

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayin safe cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin ƙofar shago sai tambayoyi su taso. Wannan ya ce na ga teku kuwa, wancan ya ce da gaske ne mata ke sayar da fetur a can, shi kuwa Ɗanlami tela har yau ya kafe a kan aure na je nema aka hana ni. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Kafin mota ta tashi dole ku san abin da ya fitar da ni daga Kontagora, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Shekara biyu kafin tafiyar nan na haɗa wa wani ƙauye da ke bayan Tungan Magajiya famfon burtsatse mai aiki da hasken rana. A ɗan ɗakin da aka gina kusa da tanki akwai akwatin ƙarfe manne da bango, a cikinsa akwai wani koren allo da bai fi tafin hannu biyu ba. Wannan allon shi ke karɓar wuta daga faifan sola ya tura wa famfo, in ya mutu ruwa ya tsaya. Mabuɗin ɗakin yana hannun Baba Yohanna, wani dattijo Badukke, manomi, wanda ko a cocinsu shi ake bai wa ajiya. Ni da bakina na nuna shi ranar da ake neman mai kula.

Allon nan ya mutu sau uku. Biyu da damina, ɗaya a tsakiyar bazara. Duk mutuwar da ya yi sai mata su koma rafi, tafiyar awa guda, yara kuma su fara ciwon ciki. A ta ukun ne magana ta fara yawo cewa Baba Yohanna yana cire kayan kirki ya kai kasuwar Salka, ya maido da ruɓaɓɓe. Shugaban kwamitin ruwa, Malam Isyaku, dillalin hatsi ne, mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce mini, "Injiniya, na damina mun yarda ruwa ne. Na bazara fa? Mabuɗi ɗaya ne, hannu ɗaya ne."

Suka yanke shawarar karɓe mabuɗin a gaban jama'a. Ku da kuka san ƙauye kun san ma'anar wannan. An sa wa mutum sunan ɓarawo ke nan har kabarinsa, jikokinsa ma su gada. Ni kuma na san ba sata ba ce, don duk allon da na ciro nawa ne, da alamar da nake yi da jan biro. Abin da ke kansu shi ne wani farin gari da kore-kore kamar gansakuka, ya cinye dalma. Amma ta ina ruwa ya shiga, alhali ni na toshe duk wata kafa ta akwatin da gam? Ban sani ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai ci mini rai. Na roƙe su mako uku, da ƙyar suka ba ni.

Alhaji Garba mai kawo motoci ne ya ba ni labarin wata mata a Kwatano da ke gyaran na'urorin jiragen ruwa. Ya ce iskar can tana cin waya kamar gara, amma abin da ya bi ta hannunta yana daɗewa. Ya ba ni lambar mai masaukinsa, Malam Sani na unguwar Zango. Na naɗe mataccen allon na ƙarshe a tsohuwar riga, na ɗauki sabo guda, na kama hanya.

Mun bar tasha da sassafe a wata mota Sharon da ta ga duniya. Daga Kontagora zuwa Mokwa ba sai na ba ku labari ba, kun san ramukan da sunayensu. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin goro, Banufiya, Hausarta da daɗi kamar tana waƙa. Ta ga na rungume jaka a ƙirji ko gyangyaɗi na ƙi yi, sai ta ce, "Ɗana, in kuɗi ne ka sassauta, rungumar ce ke kiran ɓarawo." Na ce mata gawa ce a ciki. Ta zabura har ta take ƙafar na gefenta, sai da na buɗe na nuna mata. Daga nan har muka rabu Mai Gawa take kirana, kuma duk abin da ta saya a hanya sai ta ba ni rabi.

Daga Mokwa na canza mota zuwa New Bussa, na wuce Wawa, na kwana a Kaiama. Masaukin da na samu fankarsa tana juyawa da ƙara kamar injin niƙa, amma iskar ba ta sauko ƙasa. Da safe na tarar da tururuwa sun yi layi zuwa jakata saboda ƙulin da Hajiya ta cusa mini ban sani ba. Rabin awa na yi ina kaɗe su daga allo da buroshin haƙori, ina zaginsu har kakanninsu.

A Chikanda, bakin iyaka, na ga ta kaina. Takarduna cikakku ne, har da katin allurar shawara da Alhaji Garba ya gargaɗe ni in riƙe. Amma da jami'in ɓangaren Benin ya warware rigar ya ga allo da wayoyi ja da baƙi suna reto, sai ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Ba na jin Faransanci, su kuma Hausarsu ta gaisuwa ce kawai. Na nuna rana da yatsa, na nuna ƙasa, na kwaikwayi ƙarar famfo, na kai tafin hannu baki kamar mai sha. Ni da furfura a gemu, ga ni ina wasan kwaikwayo a gaban layin mutane. Allah ya kawo wani Bafillace mai shanu da ke jin Barganci, yaren yankin, ya fassara musu. Babban cikinsu ya juya allon, ya kankari koren da farce, ya yi wata magana suka yi dariya. Bafillacen ya ce, "Wai famfon garinsu ma haka ya yi, in ka samo magani ka biyo ta nan."

Daga Nikki zuwa Paraku hanya lafiya lau, har na ji haushi. A Paraku na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagasi. In za a faɗi gaskiya, sakwarar ta fi ta Ilorin, wanda zai yi fushi ya yi. Washegari na hau doguwar bas zuwa Kwatano. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kowa da lambar kujerarsa, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti shi aka tashi, ko da kujera uku babu kowa. Na tuna tasharmu, inda za a ce maka saura mutum ɗaya tun hantsi har la'asar.

Tun kafin mu shiga gari na ji jikina ya canza. Zafin Kontagora mai gaskiya ne, ya ƙona ka ka shiga inuwa ka huta. Na Kwatano kuwa manne maka yake yi kamar jiƙaƙƙiyar riga, inuwa ba ta raba ku. Na wanke singileti na shanya, kwana biyu bai bushe ba, ƙarshe ma wari ya fara.

Malam Sani ya zo tarye na a kan babur. A Zango aka haife shi, kakansa Bakatsine ne, Hausarsa kuma rabi Faransanci ce, kowace jimla sai ya buɗe ta da "bon". Masu acaɓansu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayarwa a bakin titi, kuma e, mata ne suka fi sayarwa. A gidansa aka ba ni ɗakin baƙi mai tsabta. Abincin safe dogon burodi ne mai tauri, na farko da na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Da rana kuma agidi da soyayyen kifi da wani yaji kore. Na ɗebi yajin yadda muke ɗibar namu, Malam Sani yana kallona. Hawaye da majina suka haɗu, shi kuma ya miƙo ruwa yana cewa, "Bon, baƙo ba ya jin gargaɗi sai ya ɗanɗana."

Ranar farko da muka je wurin matar, ƙarfe ɗaya na rana, shago a rufe. Ashe can da tsakar rana ake tashi, sai wajen uku a dawo. Raina ya ɓaci, kwanakina na tafiya, na tsaya ina faɗa da ƙofa. Malam Sani ya ja ni gindin wata bishiya ya ce in zauna, a garin nan ko gobara sai ta jira uku.

Sunanta Madam Odet. Gajeriya ce, ta haura sittin, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Kafin ta ce uffan sai da ta miƙo mini kofin ruwa, haka al'adarsu take, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha. Shagon cike yake da rediyon jirage da na'urar neman kifi. Malam Sani ya zauna a tsakaninmu yana juya magana.

Ta sa mataccen allon ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma ta daɗe tana dubawa. Sai ta tambaya nisan garinmu da teku. Na ce kwana uku na yi a hanya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Malam Sani ya ce, "Wai wannan allon ya fi na jirgin kamun kifi shan ruwa. Ba na damina kaɗai ba ne, kullum yake sha."

Na ce ba zai yiwu ba, na toshe akwatin ko iska ba ta shiga. Da aka fassara mata sai ta yi tsaki, tsakin kuwa iri ɗaya ne a kowane yare. Ta ɗauko kwalbar lemo mai sanyi daga firij ta ajiye a gabana, muka zuba mata ido har ta fara zufa. Ta ce ruwan nan ba daga cikin kwalba ya fito ba, a cikin iska yake, ya sami wuri mai sanyi ya sauka. Babu akwatin da iska ba ta shiga, tana bi ta jikin waya, tana bi ta bakin murfi. Abin da toshewata ta yi shi ne ta hana laimar da ta shiga fita. In ƙarfen ya huce sai raɓa ta kwanta a ciki, ta ɗiga a kan allo, ga wuta tana gudu, sai dalma ta fara ruɓewa. Wato ni da hannuna na gina wa ruwa ɗaki. Kunya ta kama ni, shekara goma sha biyar ina wannan sana'a.

Amma ba ta gama ba. Ta ce a ƙasa mai bushewa irin tamu wannan kaɗai ba zai kashe allo a bazara ba, sai in wani abu yana sanyaya akwatin da rana tsaka yana kuma jiƙa iskar da ke kewaye da shi. Ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani siririn zare mai ruwan ƙasa daga jikin gam ɗin da ya biyo wayar. Ta ce in tambayi mai kula da ɗakin.

Na ari wayar Malam Sani na fita waje. Sai da na kira sau huɗu kafin ta shiga, Baba yana gona.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, don Allah gaya mini duk abin da kake yi wa akwatin nan, kada ka bar komai."

Ya ce, "Ɗana, ba na taɓa cikinsa, Allah ne shaidata. Shara nake yi, sai buhun."

"Wane buhu?"

"Na sanyi mana. Ai kai ka ce zafi ne abokin gabansa, in kula kada ya yi zafi. To kullum da hantsi nakan jiƙa buhun algarara in lulluɓe shi, yadda ake yi wa goro. In rana ta take in sake jiƙawa. Ko ran Lahadi sai na yi kafin in tafi sujada, ban taɓa fashi ba."

Na jingina da bango. Na tuna ranar, na tuna maganar, ni na faɗa ina sauri zan hau babur. Ban taɓa ganin buhun ba, saboda duk zuwan da nake yi bayan allo ya mutu ne, shi kuma ba ya lulluɓe abin da ba ya aiki. Na yi farin ciki na gano, nan take kuma tsoro ya rufe farin cikin. Na fito neman abin da zai wanke shi, ga shi na samo shaidar cewa hannunsa ne. Na ce masa kada ya gaya wa kowa sai na dawo.

Kwana biyar na yi a shagon Madam Odet. Maganin da take yi wa allunan jirage wani banish ne na musamman, fari kamar ruwa, ba irin na kafinta ba. Ana shafa shi ya bushe ya zama fata siririya a kan allon, laima ba ta kai ga dalma. Amma shafin shi ne ƙarshen aiki. Da farko sai an wanke allo da sifirit da buroshi, a fitar da duk maiƙon dalma da shatin yatsu. Sannan a gasa shi a ɗumi kaɗan na wasu awoyi, a wani tsohon akwatin gasa burodi da ta mayar na aiki, don in ka shafe allo da danshi a jikinsa ka rufe ɓarawo a cikin ɗaki ke nan. Sai a bi duk inda waya za ta shiga da ƙarfen da ke fitar da zafi a rufe da salatif, kada banish ya taɓa su.

Ta ba ni wani tsohon allo in gwada. Kun san mu, hannu sake shi ne mutunci, ko man shanu za ka zuba wa baƙo ba ka ƙoro. Na tsoma buroshi na lafta masa har yana ƙyalli, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta riƙe shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

Malam Sani yana dariya ya ce, "Bon, wai yaɓen ɗaki ka zo koya ko gyara?"

Ta nuna mini yadda mai kauri ke kama kumfa a ciki, in ya sha zafi da sanyi ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya kwanta a ƙarƙashi inda ba zai taɓa bushewa ba. Ta sa na kankare shi tas, yini guda. Zuciyata ta kawo wuya, saura kaɗan in ce mata ni ma da shagona da masu kirana oga. Na haɗiye, don mai nema ba ya fushi. Yadda ake so shi ne shafi siriri kamar fatar albasa, a bari ya bushe, a sake na biyu ta gicciye. Tana da wata fitila mai shuɗin haske, in ta haska allon duk inda banish ya hau sai ya yi walƙiya, inda aka tsallake ya fito baƙi. Allona na uku ne ya wuce ba baƙi ko ɗaya. Ba ta yabe ni ba, ta dai miƙo mini sabon allon da na zo da shi ta ce in yi na gaske.

Ta kuma zana mini yadda zan gyara akwatin. A cire gam, a huda ƙananan ramuka ta ƙasa a sa raga saboda ƙwari, wayoyi su shigo ta ƙasa, kowace a lanƙwasa ta yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje. Ranar sallama ta ba ni gwangwani biyu na banish da ƙaramar fitila, ni kuma na ba ta kilishin da na riƙo. Ta gatsa, yaji ya kama ta, Malam Sani ya ce an rama mini.

Teku kuwa na gan shi, tunda kun dage. Ruwa ne mai yawa, ba shi da tsallake, kuma ya tafi mini da takalmi ƙafa ɗaya.

A dawowa na biyo ta Chikanda. Babban jami'in nan ba ya bakin aiki, sai na bar masa zanen akwatin da sunan banish a hannun abokinsa. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake juyawa, me zan ce wa mutanen ƙauyen. Na yi tunanin in ce laima ce kawai in yi shiru, amma Malam Isyaku zai sake tambayar bazara, kuma ba ni da amsa sai buhu.

Na isa ƙauyen saura kwana biyu wa'adi ya cika. Na gyara akwatin da safe, na ɗaura allo, kafin azahar ruwa ya hau tanki. Da la'asar aka taru a gindin tsamiya, maza a kan benci, mata a tsaye a baya da bokitai. Baba Yohanna yana zaune shi kaɗai a gefe da rigarsa ta zuwa coci, mabuɗin a tafin hannunsa, ya riga ya ciro shi daga igiyar wuyansa.

Na miƙe na ce ba a saci komai ba, ga allunan nan uku, kowa ya zo ya ga alamata. Na ce laifin nawa ne ta fuska biyu, na toshe akwati yadda bai kamata ba, na kuma ba da umarni rabi na hau babur. Ina cikin neman yadda zan zagaya sauran, sai Baba ya miƙe.

Ya ce, "Injiniya, zauna, ba za ka ɗaukar mini kayana ba. Jama'a, ni na kashe shi. Buhu nake jiƙawa ina rufa masa don kada ya yi zafi. Ban sani ba, amma hannuna ne." Ya miƙa mabuɗin wajen Malam Isyaku.

Na ce a raina shi ke nan, tafiyata ta tashi a banza. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ai mu ke ɗebo masa ruwan jiƙawar. In ya tafi gona mai nisa ni ke tuna masa." Wata ta ce ita har faɗa ta taɓa yi masa ranar da ta ga buhun ya bushe. Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Malam Isyaku bai karɓi mabuɗin ba. Ya murza hularsa, sannan ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Buhun nawa ne. Na farko ya yage, ni na kawo masa sabo daga Salka, na ce wannan ya fi riƙe ruwa." Ya tashi ya naɗe yatsun Baba a kan mabuɗin da hannunsa biyu. "Baba, mun ci amanar sunanka. Ka yafe mana."

Ban san lokacin da na zauna ba. Wani nauyi da na ɗauka tun daga tashar Kontagora ya sauka, har na ji yunwa a karo na farko cikin mako uku. Damina ta zo ta wuce a kan allon nan, na je na buɗe shi sau biyu, yana nan kore tas, ruwa bai tsaya ko yini ɗaya ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne bayan an watse ranar. Baba ya rako ni wurin babur yana ƙoƙarin mayar da mabuɗin cikin igiya, ya kasa, sai ni na zura masa. Ya rage murya ya ce, "To ɗana, yanzu in rana ta take, me zan yi masa?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Ka share ɗaki, ka bar taga a buɗe, ka ƙyale shi."

Ya dubi ɗakin famfon. Ya ce, "Shekara biyu ina tsammanin ni ke raya shi." Sai ya rataya igiyar a wuya, ya tura mabuɗin cikin riga, ya ce in gaida gida.